Ranar da Ban Ɗauki Buta Ba

Na san abin da kawunnanku na Zongo suke faɗa muku a kaina, ba sai kun ɓoye mini ba. Cewa suke yi ubanku ya miƙe tsaye a kan kakanku a bainar jama'a saboda kwaɗayin kujera. Na ji maganar tun ana goyonku, na sake jin ta ranar sunan ɗan 'yar uwarku Hadiza, lokacin da ɗayansu ya ɗauka kunnena ya mutu. Kunnena lafiyarsa lau, gwiwoyina ne kawai suka gaji. Tsayuwar kam na yi ta, ban taɓa musawa ba. Amma ku ba ku ga lokacin ba, mahaifiyarku kuma ba mai dogon bayani ba ce, don haka bari in shimfiɗa muku abin yadda ya faru.

A wancan lokacin muna da ƙungiyar masu motocin dakon kaya, wadda kowa ke kira sandika. Mu ke ɗaukar doya da masara da albasa daga bakin kasuwar Arzeke ta Parakou zuwa Djougou, mu dawo da abin da Allah ya hore. Kakanku, Alhaji, shi ne shugaba, perzida kamar yadda ake ce masa, kuma ya daɗe a kujerar har wasu direbobi sun yi furfura ba su san wani shugaban ba. Ni ɗan Djougou ne, daga gidan fataken goro da goron ya ƙare musu. Na sauko Parakou da tsohuwar mota guda wadda ba ta tashi sai an tura ta. Alhaji ya ga haƙurina da motar nan, ya ce wanda ya iya zama da ita zai iya zama da mace, ya ba ni 'yarsa Salamatu. Ba zan rage masa komai ba: mutum ne mai kyauta, gidansa kullum cike da baƙi, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wannan rashin ɗaga muryar ne ma ya sa nake tsoronsa, domin mai tsawa ka san inda ya dosa.

Dokarmu mai sauƙi ce. Idan taro ya yanke shawara, perzida yana da ikon cewa bai yarda ba. Idan ya faɗi haka, sai a ce wanda ke kan bakansa ya tashi tsaye. Idan waɗanda suka tashi sun fi rabin mutanen da ke cikin rumfa, shawarar ta wuce ko perzida yana so ko ba ya so. Sai dai akwai matsalar da iyayenmu suka gani tun farko. Suruki ba ya tsayawa a kan surukinsa yana zaune. Mutumin da ko sunansa ba ka faɗa, wanda kake tuɓe takalmi tun daga nesa ka durƙusa ka gaishe shi, ta yaya za ka miƙe ka ce masa a'a? Haka ma baƙon da aka saukar a gida aka ciyar. Saboda haka aka samo hanya. Da zarar an zo wurin tashi, sai ka ga surukan perzida da baƙinsa kowa ya laluɓi buta ya fita, wai zai kama ruwa. Ba wanda ke tambayarsu, ba a kuma lissafa su. Waɗanda suka rage a rumfa su ake ƙirgawa. Butocin nan da yawansu ko ɗigon ruwa babu a ciki, kowa ya sani.

Na ɗauki butar nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wadda ban mantawa ita ce ta rikicin layin lodi. Motocin Parakou suna shiga gaba, mu 'yan Djougou mu wuni a rana doya tana laushi. Taro ya ce a haɗe layi, wanda ya fara zuwa ya fara lodi. Alhaji ya ce bai yarda ba. Na ɗauki butata na fita, na tsuguna bayan wata tirela ina addu'a. Da na dawo na tarar an rinjaye shi. Ya yi murmushi ya ce sandika ta yi magana. Ba don wannan tashin ba, da ban sayi mota ta biyu ba, da kuma makarantar da kuka yi ta tsaya a rabin hanya.

A shekarar da nake ba ku labari, sai sakatarenmu Habu, ɗan ƙanen Alhaji, ya zo da sabon zance. Habu ya yi boko, yana da hannu mai laushi da murmushin da ba ya kaiwa ido. Ya same mu muna shan shayi a tasha, ya zauna ba a gayyace shi ba.

"Bon, tsofaffi, dokar nan tamu ta tsufa. Rabi da mutum ɗaya su ture maganar perzida? Ai wanga wasa ne. Kamata ya yi sai kashi uku cikin huɗu sun tashi."

Wani direba daga Najeriya da ke yi wa Alhaji aiki ya karɓe nan take, da saurin da ya sa na san an yi bitar maganar kafin a zo.

"Ai mu can, in gwamna ya ƙi sa hannu a doka, sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun haɗu kafin su tsallake shi. Har ma akwai masu cewa a ƙara, don kada kowane ɗan hayaniya ya riƙa juya gwamnati."

Na ce masa mu ba mu da gwamna, muna da rumfar kwano da tabarmi. Aka yi dariya. Habu ma ya yi, sannan ya ƙara wata magana a hankali, yana juya cokali a kofi, kamar abin da bai dame shi ba.

"Kuma ƙirga, tun buɗe reniyo, farkon taro ke nan, za a riƙa yin ta, bayan addu'a. Wanda duk ya zo, ya zo."

Na ajiye kofina. Shayin ya daina yi mini daɗi. Idan an ƙirga mutum tun buɗe taro, to wanda ya fita da buta ya zama kamar wanda ya zauna, wato ya goyi bayan perzida ke nan yana bayan tirela. Na fara duba mutane ɗaya bayan ɗaya a zuciyata. Mu surukan Alhaji muna da dama, domin Allah ya ba shi 'ya'ya mata da 'ya'yan riƙo. Baƙinsa kuwa, a 'yan watannin nan sai ƙaruwa suke yi: sabbin direbobi daga Nijar, kowa ya sauka sai a gidansa, kowa sai an sa shi a sandika tun bai san hanyar Djougou ba. Ko makaho ya shafa ya san mun haura kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'ana, daga ranar da dokar nan ta wuce, ko duk sauran sun tashi har sun taɓa kwano, ba za a sake ture maganar perzida ba har abada.

Daga nan na daina yarda da komai. Alhaji ya aiko mana da rago ba salla ba, ba suna ba, na tsaya ina kallon ragon kamar zai yi mini bayani. Habu ya fara gaishe ni da hannu biyu. Wani abokina da muka yi shekaru muna zagin Habu tare, na hango shi a bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, ya nufi unguwar su Habu, da na tambaye shi ya ce wurin mai gyaran rediyo ya je, alhali ba rediyo a hannunsa. Abin da ya fi damuna shi ne Alhaji kansa bai ce uffan ba. In na je gaisuwa sai ya tambayi lafiyar yara da ta mota, ya sa mini albarka. Na yi ta tambayar kaina me mutumin da ya riga ya mallaki komai yake nema da wannan ƙarin. Na zargi yana so ya maido da tsohon layin lodi. Na zargi yana so ya ba wani filin tasharmu. Na zargi yana share wa Habu hanya. Kowanne na ɗauka sai in ga ya zauna daidai, abin da ya ƙara hana ni sukuni ke nan.

Ana saura 'yan kwanaki taro na kai kaya Djougou, na biya wurin yayata Hawa a kasuwa. Kun san ta, ba ta tauna magana. Tana yayyafa wa goro ruwa na gaya mata komai, ba ta ko ɗago ba.

"To, mi kake so in ce maka, Isufu? Kai ka san abin da za ka yi, so kake wani ya ɗauki laifin."

Na ce ina tsoron abin da zai biyo baya a gida.

"Mutanenmu na nan duk kai suke kallo. In ka ɗauki buta, su ma sauran surukan za su ɗauka, a bar 'yan Djougou su kaɗai a rumfa kamar marayu. Amma ka ji, ni ba ni zan kwana ɗaki guda da ɗiyar mutumin ba. Kai ne."

Na dawo Parakou da la'asar na tarar mahaifiyarku tana tsince shinkafa a tsakar gida. Tun da maganar ta taso ba mu taɓa yin ta ba. Ni ina gudun bakinta, ita ma ta yi shiru irin wanda ban saba gani ba. A watannin nan kusan kullum tana gidansu, ta ce tana taya iyayenta mata aiki, ni kuwa na sa wannan ma a cikin abubuwan da nake zargi. Ranar ita ta fara.

"Malam, ran taro ka ɗauki butarka."

"Shi ya ce ki faɗa mini?"

Ta ɗago ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

"Tun da nake da kai, na taɓa roƙonka wani abu a kan sandika?"

"Ba ki taɓa ba. Shi ya sa nake tambaya."

"To yau na roƙe ka. Ba na ce ka goyi bayansa ba. Ka fita kawai, yadda ka saba."

Na ce ta ba ni dalili guda. Ta ce ba ta da dalilin da za ta ba ni, ubanta ne. Na yi mata bayanin lissafin, na ce wannan fitar ba irin sauran ba ce, in na fita yau na fita ke nan har abada, ni da duk wanda zai zo bayana. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta gane, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na shiga ɗaki raina a ɓace, ina cewa a zuciyata har cikin gidana sun shigo.

Ranar taro rumfa ta cika har waje. Alhaji yana kan kujerarsa ta ƙarfe, mu muna kan tabarmi. Na lura ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma na ce azumin nafila ne da ya saba. Habu ya karanta sabuwar dokar da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Aka yi ta cacar baki. Da aka gaji, Alhaji ya ce shi dai yana ganin gyaran alheri ne. Sai Habu ya ce wanda bai yarda ba ya tashi, tunda maganar perzida ba ta faɗuwa sai fiye da rabi sun tashi a kanta. A ranar tsohuwar doka ce ke aiki, wanda ya fita ba a ƙirga shi. 'Yan Djougou suka miƙe, da wasu tsirarun 'yan Parakou. Na duba na ga ba su kai rabi ba. A gefena surukai da baƙi sun fara laluben butoci, wasu har sun kai bakin ƙofa. Tawa tana gaban gwiwata, shuɗiya, mai fasasshen murfi. Na kai hannu na taɓa ta. Sannan na janye hannun, na dafa ƙasa, na miƙe.

Ban dubi Alhaji ba, idona yana kan wani rami a kwanon rufi. Sai na ji ƙarar buta ta taɓa ƙasa a bakin ƙofa. Mijin ƙanwar mahaifiyarku ne, mutumin da ko kaza ba ya iya kora, ya ajiye tasa ya juyo ya tsaya. Wani ya bi shi, wani ma ya bi. Ba duka ba, da yawa sun fice abinsu. Amma waɗanda suka tsaya sun isa. Habu ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, bakinsa yana motsi ba sauti. Dokar ta faɗi.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "Sandika ta yi magana."

Washegari na tafi gaishe shi, domin na ce gara a yi ta ta ƙare. Na shirya wa zagi, na shirya wa kora. Na tuɓe takalmi a inda na saba, na fara durƙusawa, sai ya taso da kansa ya miƙo mini hannu.

"Isufu, sannu da zuwa. A kawo wa baƙo kujera."

Tun ranar da aka ɗaura aurena bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ba ni hannu ba. Ku 'yan zamani za ku ce ai girmamawa ce. Ni na san abin da aka yi mini. Ya cire ni daga surukuta ya mai da ni mutumin tasha. Na zauna a kujerar nan kamar a kan garwashi, muka yi hirar farashin taya, ya rako ni har ƙofa. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ni wannan ne rabona, kuma na ɗauka. Na mahaifiyarku ya fi nauyi. Bai kore ta ba, bai yi mata faɗa ba. In ta je sai a ce yana hutawa. Ta zauna wurin matan gida har yamma ta dawo. Abincin da take kai masa sai a karɓa a ce an gode, ta tarar da shi a gaban jikoki. A lokacin ne ciwon da yake ɓoyewa ya fito fili, aka fara kai shi asibiti, aka kwantar da shi a ɗakinsa na ciki. 'Yan uwanta suna shiga suna fita, ita tana tsakar gida tana wanke kwanonin masu dubiya. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Kafin damina ta zagayo ya rasu. An aiko mata bayan an riga an rufe masa fuska.

Habu ne ya hau kujerar bayansa. Ni ban nema ba, ba a kuma ba ni ba, ku tambayi duk wanda kuka ga dama. Bai daɗe ba ya so ya raba layin lodi kamar da, aka tashi aka ture shi da rabi da 'yan kai, na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Na tarar da ita tana ninke kaya, na ba ta labari da murna, har na ce mata yanzu ai ta ga abin da na hango. Ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Ba don Habu ubana ya so dokar nan ba, Malam. Don kai ya yi."

Na ce ban gane ba.

"Ya san ciwon ba na tashi ba ne tun kafin kowa ya sani. Ni nake dafa masa abincin da likita ya ce, shi ya sa kake ganina can kullum. Ya ce mini kai zai bar wa kujerar. Ya ce kai baƙo ne a Parakou, ba ka da dangi a nan, in ya tafi 'yan gari za su riƙa tashi a kanka kowane taro har su kore ka. Shi ne ya ce bari ya ɗaure maka ita kafin ya tafi."

Na zauna a bakin gado. Zan gaya muku gaskiya, abin da ya fara zuwa mini ba nadama ba ce, wani zargin ne. Na ce ko ya faɗa mata haka ne don ya san za ta roƙe ni. Mai yiwuwa ni zai ba, mai yiwuwa kuma Habu ne tun farko, aka yi amfani da sunana don a rufe bakin gidana. Har yau ban sani ba, wanda ya sani yana ƙasa. Abin da na sani shi ne ko ni aka ɗaure wa kujerar, dokar ba ta da kyau. Ban yarda da Alhaji da irin wannan iko ba, ban yarda da Habu ba, kuma da an ba ni, ban ga dalilin da zai sa 'yan tasha su yarda da ni ba. Amma na ji zafin shirun da ta yi, na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun ranar shinkafa.

"Da na faɗa, da ka ce shi ya aiko ni."

"Da na faɗi hakan," na ce, don ba zan yi mata ƙarya ba.

"Kuma da ka tashi duk da haka."

Na ce mata e, da na tashi.

"Na sani," in ji ta. Ta ɗauki zanen ta ci gaba da ninkewa. "Shi ya sa na yi shiru. Mutumin da ya tashi a kan ubana bai sani ba, zan iya zama da shi. Wanda ya tashi yana sane, da ban iya ba."